Takalmin da ke tsakanin kambas da but: yadda na same shi a kakar Sheffield

Birnin Sheffield, a arewacin Ingila, a kan tuddai yake, kuma daga watan Oktoba ƙasarsa ba ta ƙara bushewa sosai, domin yayyafi ba ya daɗewa bai dawo ba. Kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙasar birnin yana cikin gandun Peak District, wanda aka keɓe a 1951 ya zama gandun ƙasa na farko a Birtaniya, saboda haka mutum zai iya wuni a ofis ranar Juma'a, ya wayi gari Asabar yana taka duwatsun Stanage Edge. Wannan ne ya sa na nemi takalmi guda da zai ɗauki hidimar biyu, na kuma tsaya a kan irin wanda samansa ya rufe idon sawu kamar but, amma ƙasansa da rashin nauyinsa na kambas ne. Na yi kaka guda cur ina sa shi, kuma ra'ayina shi ne takalmi ne mai amfani ƙwarai, matuƙar an zaɓe shi da ƙafa, ba da ido kaɗai ba.

Abin da ya fara jan hankalina shi ne rashin nauyi. Ƙafa ɗaya ba ta kai rabin kilo ba, kuma soson da ke tsakanin tafin ƙafa da robar ƙasa yana shanye bugun kwalta, ta yadda nake komawa gida da yamma ba tare da ciwon diddige ba. But na fata irin na masu hawan dutse yana bukatar makonni kafin ya saki, kuma kafin nan sai ya fitar wa mutum da bororo, amma wannan tun ranar farko ya zauna mini daidai. Na zaɓi launin ƙasa mai duhu maimakon masu ratsin lemo da kore da suka cika kantuna, kuma ya dace da wandon aiki, har ma da kaftani idan wandon ya sauko ya rufe wuyansa.

Inda ya kamata mai saye ya fi daɗewa yana dubawa shi ne ƙasan takalmin. Tun 1937, lokacin da ɗan Italiya Vitale Bramani ya fito da ƙasan roba mai haƙora wanda ya zama kamfanin Vibram, bayan mutuwar abokansa a tsaunukan Alps a 1935, ƙa'idar ba ta canza ba: haƙoran ne ke kama laka, laushin robar kuma shi ke kama jiƙaƙƙen dutse. Haƙoran nawa sun kai kimanin milimita 4, kuma tsakaninsu akwai tazara, saboda haka taɓo ba ya cushewa ya mayar da ƙasan sumul. A gangaren Mam Tor, tudu mai tsayin mita 517 wanda aka shimfiɗa wa hanyarsa falalen duwatsu, na sauko cikin yayyafi ina jin kowane taku yana kamawa, alhali wani matashi da ke gabana cikin kambas na wasan ƙwallon kwando sai dafa ƙasa yake yi. Sai dai robar da ke da laushi irin wannan tana cinyewa da wuri a kan kwalta, kuma kafin ƙarshen Nuwamba na ga haƙoran gefen diddige sun fara lafewa. Haka kuma a kan tayil ɗin tashar jirgi da murfin kwalbati na ƙarfe, idan sun jiƙe, haƙora ba su da abin kamawa, dole mutum ya rage sauri.

Batun ruwa ma yana bukatar a faɗi gaskiyarsa. Yawancin irin waɗannan takalma suna da wani siririn shafi a ciki mai ƙananan ƙofofi, waɗanda ɗigon ruwa ba ya iya ratsawa amma tururin gumi yana fita ta cikinsu. Wanda ya fi shahara shi ne Gore-Tex, da aka samo daga binciken Bob Gore na 1969 a Amurka, ko da yake kamfanoni da yawa suna da irin nasu, kuma nawa yana cikin waɗannan. A cikin ciyawa mai raɓa da ƙananan kududdufai safata ba ta taɓa jiƙewa ba. A saman Kinder Scout kuwa, wani tudu a gandun Peak District mai tsayin mita 636, inda baƙar laka ke haɗiye ƙafa har ƙwauri, ruwa ya shiga ta wuya, kuma shafin da ke hana shi shiga shi ne ya hana shi fita. Sai da na cusa masa tsofaffin jaridu na bar shi nesa da na'urar ɗumama ɗaki, domin zafi kai tsaye yana sakin gam ɗin da ya riƙe ƙasan. Wurin nan na but mai tsayi ne, kuma ban ga laifin takalmin ba da ya gaza a aikin da ba nasa ba.

Akwai wani abu da masu talla ba sa tunawa da shi, amma ni ya shafe ni kullum, wato cirewa da sawa. A ƙarshen kaka rana tana faɗuwa wajen ƙarfe huɗu, saboda haka azahar da la'asar da magariba duk suna riskar mutum a wajen gida, kuma tsayawa a ƙofar masallaci ana kwance igiya daga ƙugiyoyi huɗu, jama'a suna jira a baya, ba ƙaramin takura ba ne. Wanda ke da irin wannan bukata ya nemi mai madauki a bayan diddige da igiyar da ake ja ta tsuke lokaci guda, irin wadda Salomon, kamfanin da aka kafa a Annecy ta Faransa a 1947, ya yi suna da ita.

Wajen gwaji, shawarata ita ce a je kanti da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, a sa safa mai kauri irin wadda za a yi tafiya da ita, a kuma bar tazarar faɗin babban yatsa a gaba, domin a gangara ƙafa tana zamewa ta daki bakin takalmin. Yawancinsu matsattsu ne a wajen yatsu, ni kuwa ƙafata mai faɗi ce, sai da na ƙara rabin lamba. Fam 140 na biya, kuɗi ne masu yawa idan aka tuna cewa ƙasan manne yake da gam kuma soson yana lafewa, ba kamar but na fata mai ɗinki ba da baduku zai sake wa ƙasa. Duk da haka zan sake sayen irinsa, amma wanda robarsa ta ɗan fi tauri, tunda tafiyata a kan kwalta ta fi ta daji yawa.