Sharhi: littafin kuɗin da mai ba da labarinsa ta raba mana kai

Naira 500 na tura aka saka ni a rukunin WhatsApp, kullum bayan isha'i shafi biyu yake sauka, har tsawon wata guda da kwana goma. Ban taɓa biyan kuɗi don littafin almara ba sai wannan, saboda ƙanwata ta ce mini a nan Argungu aka gina labarin.

A labarin, shekara ɗari ne nan gaba. Matan Fada, gulbin da ake bikin kamun kifi a cikinsa, ya ƙafe, jikokin masunta sun koma haƙa ƙasa da injuna suna neman ruwa, homa da gora kuma sai dai a gan su a gidan tarihin Kanta. Mai ba da labarin wata tsohuwar kada ce da ta rage a ƙarƙashin laka. Ba ta da kara ko kaɗan. Jarumi zai buɗe baki ta katse shi ta ce ƙarya yake yi, ta san kakansa, shi ma haka yake. Ta tsani masu injuna, tana ƙaunar matar da kowa ya ƙi, ba ta kuma ɓoye ko ɗaya.

A nan rukuni ya rabu. Wasu suka ce sun biya ne su karanta labari, ba su zo a zaɓa musu wanda za su so ba. Ƙanwata ma ta kira ni: "Yaya, wallahi tsohuwar nan ta cika baki, ta bari mu yi hukunci da kanmu mana." Na ce mata Inna da take yi mana tatsuniya a tsakar gida, yaushe ta taɓa ambaton Gizo ba tare da ta ja tsaki ba? Mun taso da wannan. Ko a Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda ya fito a 1937, aku ne yake zuba labarai, kuma da manufa yake yi, yana son ya tsare ɗan sarki kada ya fita. Mai labari mai ra'ayi yana sa ki kasa kunne sau biyu, ki ji abin da ya faru, ki kuma auna wanda ya faɗa miki. Akwai daren da kadar ta tuna ranar da gulbi ya cika da mutane har ba a ganin ruwa, ta ce ita kaɗai ta san ƙarar ƙafafunsu daga ƙasa. Na ajiye waya na daɗe ban yi barci ba.

Inda raina ya ɓaci shi ne wajen shafi na 50. Marubuciyar ta fara karanta ƙorafin mutane, sai ta riƙa saka martani a bakin kadar. Nan take murya ta canza. Tsohuwar da ta san laka da kifi ta koma yi wa 'yan rukuni gugar zana, har babi biyu suka tafi a haka. Ra'ayin kada daban, fushin marubuciya daban, kuma mai karatu yana ganewa.

Sau uku aka tsallake turo shafi ba sanarwa, ga kurakuran rubutu da yawa. Duk da haka na riga na tura kuɗin littafi na biyu, na kuma roƙe ta ta sirri da ta kulle rukunin har sai ta gama rubutawa.