Sharhi: Kwatanta farashin maganin kare da kyanwa kafin saye

Mai kare ko kyanwa a gari irin Kano ko Kaduna yana da wurare huɗu da zai sayi magani: asibitin dabbobi, shagon magungunan dabbobi da kayan kaji, kemis na mutane, sai kuma masu talla a WhatsApp da Instagram. Bayan an yi hulɗa da dukkansu, abin da zan ce shi ne zagayen yana biyan wahalarsa, amma ba a kan kowane magani ba, kuma sai in mutum ya san abin da yake kwatantawa.

Sunan da aka rubuta da manyan baƙaƙe a gaban kwali ba shi ne abin dubawa ba. A juya kwalin a karanta sinadarin da ke ciki da yawansa. Ɗauki maganin tsutsar ciki: ƙwayar Drontal Plus ta kare tana ɗauke da praziquantel miligiram 50, pyrantel 144 da febantel 150, ƙwaya ɗaya ga kowane kilo 10 na nauyin kare. Akwai na wasu kamfanoni masu wannan haɗin daidai, a farashi mai sauƙi, kuma suna aiki matuƙar suna da lambar NAFDAC kuma wa'adinsu bai ƙare ba. Inda ake faɗawa rami shi ne mai shago ya miƙo wata ƙwayar ya ce "ai duk ɗaya ne", alhali babu praziquantel a cikinta. Ita ba za ta taɓa tsutsar nan mai faɗi mai gaɓa-gaɓa ba, wadda ake ganin gutsattsarinta kamar shinkafa a kashin dabbar. Drontal ta kyanwa daban take, ƙwaya ɗaya ga kilo 4.

Don haka a fara da awo. A hau sikeli da dabbar a hannu, a sake hawa ba ita, a cire. Yawancin masu kare ƙiyasi suke yi da ido, su saya fiye da buƙata ko su ba da abin da bai isa ba.

Rangwame mafi tsoka yana kemis na mutane, kan magungunan da mu da dabbobi muka yi tarayya a kansu. Babban misali doxycycline, wanda ake bai wa kare idan zazzaɓin kaska ya kama shi. Ƙa'idar ita ce miligiram 10 ga kowane kilo a kullum har kwana 28. Kare mai kilo 20 ke nan zai sha kafso biyu na miligiram 100 a rana, jimilla kafso 56. A irin wannan adadi, ɗan bambancin farashin kati ɗaya yakan taru ya zama kuɗi. A nemi likitan dabbobi ya rubuta sunan maganin da adadinsa a takarda, a biya shi kuɗin dubawa, sannan a tambayi kemis biyu ko uku. Kada a tsaya a kwana 10 don kare ya fara cin abinci, cutar takan dawo. In kyanwa ce aka rubuta wa, a bi kafson da ɗan ruwa a sirinji, don yana iya maƙalewa ya ƙone mata maƙoshi. Sai dai sauƙin shiga kemis yana da haɗarinsa: paracetamol yana kashe kyanwa, ibuprofen kuma yana lalata ciki da ƙodar kare.

Maganin kaska da ƙuma shi ya fi rikita lissafi. Cikin ƙwayoyin da ake bai wa kare ya tauna, NexGard na wata ɗaya ne, Bravecto na mako 12, don haka sai an ninka kuɗin na farko sau uku kafin a kwatanta su. Kowannensu ana sayar da shi ne bisa rukunin nauyi, kuma ba a sayen na babban kare a raba wa ƙanana biyu, domin ba a yi shi don a gutsura ba. A nan ne kuma na fi shakkar masu sayarwa ta waya. Idan farashi ya faɗi ƙasa sosai da na sauran wurare, ko an aiko ƙwaya tsirara ba kwali, a bar musu kayansu. Maganin ɗigawa a wuyan kare mai permethrin kuwa ko kusa da kyanwa kada ya je, yana sa ta karkarwa da farfaɗiya.

Allurar ivermectin, maganin tsutsa da ake sayarwa don shanu da tumaki, tana da arha, shi ya sa take jan hankali. Mili ɗaya na kilo 50 ne, kason ɗan kwikwiyo bai kai a auna shi da sirinjin gida ba tare da kuskure ba, ga kuma karnuka nau'in Collie da ba sa jure ta. Wannan aikin likita ne.

Allurar rigakafin haukan kare ita ce ban ga amfanin neman arharta ba. Tana buƙatar sanyi tsakanin digiri 2 zuwa 8 tun daga inda aka yi ta, ko ta cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom ce da ke jihar Filato ko ta waje, kuma kwalbar da ta kwana a firij mara wuta ba ta canza kama ko da ta lalace. A kai dabbar asibitin da ke da sola ko janareta, a yi mata tana wata uku, a karɓi kati mai lambar kwalbar da ranar da za a sake.