Wace mota ta dace da ranar gwaji a filin tsere: Golf, Civic ko BMW?

Ranar fili, kamar yadda masu sha'awar mota suke shirya ta a ƙasashe da dama, rana ce da ake haɗa kuɗi a kama hayar filin tsere da aka killace, kowa ya shigo da motarsa ya zaga iya ƙarfinsa ba tare da gasa ko kofi ba. A Jamus, filin Nürburgring mai tsawon kusan kilomita 21 yana buɗe wa jama'a a wasu ranaku, a Afirka ta Kudu kuma akwai Kyalami kusa da Johannesburg. Matasanmu na Ringim, Gumel da Kazaure da suke tunanin haɗuwa su shirya irin wannan rana sun yi dabara, domin ta fi wasan mota da ake yi a kan kwalta ranar ɗaurin aure, inda yara da masu babur suke gefen hanya. Sai dai motar da mutum zai saya don wannan aiki tana buƙatar lissafi dabam da na motar zuwa kasuwa.

Ta farko ita ce Volkswagen Golf 3, wadda aka fara ƙerawa a 1991. Babu tashar mota tsakanin Kano da Haɗeja da ba a ganinta tana lodi, kuma wannan shi ne babban ƙarfinta: kowane bakanike a garin ƙaramar hukuma ya san cikinta, kayan gyaranta kuma suna nan a Ƙofar Ruwa, sabo da na Beljiyam. Mai injin 1.8 tana da ƙarfin doki 90, GTI mai injin 2.0 tana da 115, sai VR6 mai 174 wadda ba kasafai ake samunta da lafiya ba. Tayoyin gaba ne suke jan ta, saboda haka idan direba ya shiga kwana da gudun da ya wuce kima, hancinta ne yake zarcewa waje, kuma da zarar ya sassauta ƙafa daga totur sai ta dawo hanya. Wannan hali yana yafe wa sabon shiga kuskure. Aibinta shi ne yawancin waɗanda suke kasuwa sun sha lodi, an ɗora musu buhuna a kan burji shekara da shekaru, ga kuma birkin baya na ƙananan samfurin wanda irin na ganga ne, mai saurin ɗaukar zafi.

Honda Civic ta 1992 zuwa 2000 ita ma gaba take ja, amma ƙafafunta sun fi na Golf riƙe ƙasa a kwana, jikinta ba nauyi, injinta kuma yana son a murza shi sama. A ganina ita ce ta fi daɗin tuƙi a cikin masu arha, in har an same ta da giyar hannu. Matsalar ita ce da yawa daga cikin Honda da suke yawo a nan masu giyar otomatik ne, tsohuwar giyar otomatik kuwa man cikinta yana zafi idan aka matsa mata na tsawon lokaci, kuma ba ta ba direba cikakken ikon zaɓar giyar da zai fita kwana da ita.

BMW samfurin E36, ta shekarun 1990, ita ce wadda zuciyar samari take so, kuma dalilin a fili yake. Tayoyin baya ne suke tura ta, nauyinta ya rabu kusan daidai tsakanin gaba da baya, 325i kuma tana da ƙarfin doki 192. Amma wannan turin na baya yana nufin idan aka taka totur da ƙarfi a tsakiyar kwana, ƙugunta ne zai juyo, kuma wanda hannunsa bai saba da mayar da sitiyari ba zai tsinci kansa yana kallon inda ya fito. Abin da ya fi damuna da ita shi ne sanyaya inji. Bakin lagiretonta na roba ne, haka ma farfelar famfon ruwa a yawancinsu, kuma roba mai sama da shekara 25 ba ta da alƙawari a zafin Afrilu na Jigawa da yake haura digiri 40. Wanda zai saye ta sai ya ƙudurta canza lagireto da famfon ruwa tun kafin ranar, ya kuma tambayi kansa ko akwai bakanike a kusa da zai taɓa ta, ko kuwa duk ƙaramar matsala sai an kira janwe zuwa Kano.

Ko wacce aka zaɓa, kada kuɗin ya ƙare a hannun dillali, domin abin da yake fara gazawa a fili shi ne birki. Man birki yana shan danshi daga iska yayin da yake tsufa, idan ya yi zafi sai ya tafasa, ƙafa ta nutse har ƙasa mota ba ta tsaya ba. Sabon man birki mai lambar DOT 3 ba ya tafasa sai zafi ya kai aƙalla digiri 205, DOT 4 aƙalla 230, DOT 5.1 aƙalla 260, saboda haka a zubar da tsohon gaba ɗaya a zuba aƙalla DOT 4 daga galan da ba a taɓa buɗewa ba. DOT 5, marar ɗigo ɗaya a bayansa, wani sinadari ne dabam, ba a gauraya shi da sauran. Takalman birki su ma a sa sababbi.

Taya kuwa, a nan ne arha take cutarwa. A jikin kowace taya akwai lambobi huɗu da suke nuna mako da shekarar da aka yi ta, misali 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Tayar Beljiyam mai zane mai kyau tana iya zama ta shekara goma, robarta ta bushe, wasu ma an yi su ne don ƙasashen ƙanƙara. A duba harafin gudu: T yana ɗaukar kilomita 190 a awa, H 210, V 240. Sababbin tayoyi huɗu iri ɗaya a ƙarƙashin Golf sun fi tsofaffi mabambanta a ƙarƙashin BMW amfani.

Hular kwano ta ƙarshe ce a lissafin mutane da yawa, alhali yawancin filaye ba sa barin direba ya shiga babu ita. Wadda ake ba da kyauta idan an sayi babur ba ta wadatar ba. A nemi mai tambarin inganci na ECE 22.05 ko 22.06, ko kuma Snell, kuma ta kama kai sosai ba ta girgiza.

Da ni ne mai sayen, a karon farko Civic mai giyar hannu zan nema, idan ban samu mai lafiya ba in ɗauki Golf 3 wadda ba ta taɓa yin haya ba, in tafi da bakanike ya leƙa ƙarƙashinta ya duba tsatsa da walda, in kuma ga takardun kwastam kafin in ƙirga kuɗi. BMW sai a shekara ta biyu, bayan hannu ya faɗa.