Taiko ko Noh: wanne ya fi dacewa da yamma ɗaya a Tokiyo?

Hajiya, kin ce yamma ɗaya tak kuke da ita a Tokiyo ke da yaranki biyu, kuma kina son abin da za ku taɓa da hannunku: ajin kiɗan taiko ko zaman koyon wasan Noh. Tunda da yara, ni taiko zan zaɓa miki.

Taiko babbar ganga ce, ta asali daga gungumen itace guda ake fafe ta a rufe da fatar saniya. Gangar tsohuwa ce ƙwarai, amma kiɗan taron da ake koya wa baƙi, Daihachi Oguchi ne ya fara shi a 1951, shi kuwa makaɗin jaz ne. Malami zai ba ku sanduna biyu masu kauri, ya sa ku buɗe ƙafa ku rage tsawo, sannan ya faɗi kiɗan da baki: don, doko, ka. Abin da baki ya faɗa shi hannu zai buga, don haka ba sai kun ji Jafananci ba. Sautin har cikin ƙirji ake jin sa, kafaɗa kuma za ta yi tsami washegari.

Noh, wasan kwaikwayon gargajiya na Jafan, wata duniya ce daban. Tun ƙarni na 14 Kan'ami da ɗansa Zeami suka tsara shi, kuma komai nasa a hankali ake yi. Za ki sa farar safa mai raba babban yatsa, ki koyi jan ƙafa a kan katako ba tare da diddige ya bar ƙasa ba. Taku goma sai ya ɗauke ki lokaci mai tsawo. Abin da ya fi taɓa ni shi ne fuskar katakon da ake ɗaurawa. Ramukan idonta ƙanana ne, ba ki ganin ƙafarki, shi ya sa ɗan wasa yake auna inda yake da ginshiƙan dandali. In aka ɗaga fuskar kaɗan sai ta yi fara'a, in aka sunkuyar sai baƙin ciki ya rufe ta, alhali itacen bai motsa ba. Wallahi wannan kaɗai ya isa dalilin zuwa, amma yaro ɗan shekara bakwai zai gaji da wuri.

Abu ɗaya ki sani tun daga gida: al'adarsu ce a sunkuyar da kai ga fuskar kafin a ɗaura ta. In hakan bai kwanta miki ba, ki faɗa wa malamin tun farko.

Ajin taiko ya fi sauƙin samu. Na Noh ba kullum ake yi ba, sai ki duba jadawalin Gidan Wasan Noh na Ƙasa da ke unguwar Sendagaya, ki kama gurbi kafin ku tashi.