Dubai, Morishus, Malesiya ko Fotugal: ina mai aiki ta intanet zai sauka?

Wanda ke karɓar albashinsa da dala ko yuro yana zaune gaban kwamfuta, ba dole ne ya zauna ƙasar da kamfaninsa yake ba. Tun daga 2020 ƙasashe da dama suka fito da biza ta musamman ga irin waɗannan ma'aikata. Za su ba ka izinin zama, kai kuma ka kashe kuɗinka a garinsu, amma da sharaɗin ba za ka nemi aiki a cikin ƙasar ba. Amfanin a fili yake: wuta ba ta ɗaukewa kana tsakiyar taro, intanet na gudu, kuɗinka na shigowa asusu ba tare da jeka-ka-dawo ba. Zaɓen ƙasar ne ke da wuya, domin kowace da nata farashin.

Kafin komai, a nemi amincewar mai aikin a rubuce. Ofishin biza zai buƙaci wannan takarda, kuma akwai kamfanonin da ba sa yarda ma'aikaci ya koma wata ƙasa saboda abin da hakan zai jawo musu na haraji.

Dubai ce ke fara zuwa ran mutanenmu, kuma da dalili. Hadaddiyar Daular Larabawa na ba da bizar shekara ɗaya ga mai samun aƙalla dala 3,500 a wata, tare da inshorar lafiya. Ba a cire harajin albashi, masallaci na kusa da ko'ina, ba ka tambayar ko nama halal ne. Sai dai abin da haraji ya bar maka, gidan haya zai kwashe. A can ana yawan biyan kuɗin shekara da cek ɗaya zuwa huɗu, ga kuɗin ajiya, ga ladan dillali. Mai iyali ya ƙara da kuɗin makaranta, tunda baƙi makarantun kuɗi suke kai 'ya'yansu. Idan abin da kake samu dala 3,500 ɗin ne cif-cif, ni ban ba ka shawarar Dubai ba. Za ka shiga, amma ba za ka tara komai ba.

Tsibirin Morishus ba a cika ambatonsa ba, alhali shi ne mafi sauƙin ƙofa. Bizarsa ta Premium, wadda aka buɗe a ƙarshen 2020, kyauta ce, ana nema ta intanet, tana kai shekara guda kuma ana sabuntawa. Abin da ake so ka nuna dala 1,500 ne a wata, da ɗan ƙari kan kowane yaro. Ana jin Turanci da Faransanci, abin da zai yi wa ɗan Najeriya da ɗan Nijar daɗi. Musulmi sun kai kusan kashi 17 cikin ɗari na jama'a, kuma Masallacin Juma'a na Port Louis yana nan tun ƙarni na 19. Raunin wurin nisa ne. Tikitin zuwa gida na da tsada, ba jirgi kai tsaye, kayan masarufi da yawa shigo da su ake yi, kuma daga Nuwamba zuwa Afrilu lokacin guguwar teku ne.

Malesiya ta buɗe tata, DE Rantau, a 2022. Mai aikin fasahar zamani zai nuna dala 24,000 a shekara, wato dala 2,000 a wata, a ba shi har wata 12, ya sake sabuntawa na wasu 12. A Kuala Lumpur haya da abinci sun fi Dubai rahusa nesa ba kusa ba, kuma ɗalibanmu sun daɗe da sanin ƙasar. Amma a nan ne ya kamata mutum ya tsaya ya dubi agogo. Malesiya na gaban Najeriya da awa bakwai. Idan kamfaninka na Landan, ƙarfe tara na safiyarsu ƙarfe huɗu ko biyar na yammarka ne, ka tashi aiki bayan sha biyun dare. Idan na New York ne, taron safe zai same ka ƙarfe tara ko goma na dare, ka rufe kwamfuta ana kiran Asuba, yara na shirin makaranta kai kana neman makwanci. Wata ɗaya ana iya jurewa. Shekara guda tana cin lafiya, tana cin zaman iyali. Dubai da Morishus awa uku kacal suka ɗara Najeriya, shi ya sa mai aiki da Turai ya fi samun sukuni a cikinsu.

Fotugal ta mai dogon buri ce. Bizar D8, tun Oktoban 2022, tana neman ninki huɗu na mafi ƙarancin albashin ƙasar, ninkin da a 2025 ya kama yuro 3,480 a wata. Za a nemi shaidar wurin zama, da takardar rashin laifi, da lambar haraji ta NIF, kuma hukumar shige da fice ta AIMA ta yi suna wajen jinkiri. Wanda ya wuce kwana 183 a shekara ya shiga sahun masu biyan haraji, harajin kuwa ba ƙarami ba ne. Abin da ake saya da wannan wahala shi ne zirga-zirga a yankin Schengen, wato ƙasashen Turai da ake ratsa iyakokinsu ba sai da wata biza ba, da damar neman zaman dindindin bayan shekara biyar. Sauran ukun ba su yi maka wannan alkawari ba.

Akwai kuma hanyar gwaji ga mai fasfon Najeriya: dokar ECOWAS ta ba shi kwana 90 a Ghana ba biza. A Accra zai tarar da Hausa a Nima da sauran zanguna, agogo kuma awa ɗaya ne bambanci. Ya dai kama gidan wata-wata mai kaya a ciki, domin masu gidaje a can kan nemi kuɗin shekara ɗaya ko biyu a dunƙule. Wata uku sun isa ya gane ko aikinsa da iyalinsa za su iya zaman baƙunta kafin ya kashe dubban daloli.

A lissafina, mai samun dala 1,500 zuwa 3,000 da ke aiki da Turai ya fara duba Morishus. Wanda abokan aikinsa ke Asiya ko Ostareliya, ko wanda ba a ɗaure shi da lokacin taro ba, Malesiya ta fi masa. Kowace ka zaɓa, ka fara tara bayanan asusun banki na wata shida tun yanzu, albashin na shiga da sunan kamfanin a kai, kuma ka duba shafin gwamnatin ƙasar a ranar da za ka cike takarda, tunda adadin Fotugal yana tashi duk lokacin da aka ƙara mafi ƙarancin albashi.