Gargaɗi: mai sayar da injin gano ƙarfe ya cinye min 410,000

Assalamu alaikum jama'a. Kwana huɗu kenan ina rubuta wannan abu ina gogewa saboda kunya, yau dai na ce duk abin da za a faɗa a faɗa. Naira 410,000 wani mutum ya ci min a kan injin gano ƙarfe, irin wanda ake yawo da shi a bakin teku ana neman abin da ya nutse cikin yashi. Dubu ɗari huɗu da goma. Kuɗin da na fi wata takwas ina tarawa, ba kyauta aka ba ni ba.

Kafin wani ya zo ya ce min garin kwaɗayin zinare ne, a'a wallahi. Ni ba haƙar ma'adinai zan je ba, ban ce zan bi masu tafiya Djado ta Nijar neman zinare ba. Sha'awa ce kawai ta kama ni tun da na fara kallon Turawan Ingila da Amurka a YouTube, mutum ya fita da sassafe lokacin da ruwa ya janye, yana tafiya a hankali yana kaɗa injin dama da hagu, ya ji ƙara, ya ɗebo yashi ya tace, wani lokaci murfin kwalba, wani lokaci zobe ko tsohon kwabo. Yayana yana zaune a Agege, kusan duk bayan sallah ina zuwa Legas, na ce me zai hana in riƙa yin wannan maimakon in kwana uku a ɗaki ina danna waya. Har malam na tambaya hukuncin tsintuwa, ya ce in abu mai daraja ne sai an yi cigiya shekara guda, na ce na ji na yarda. Wanda ya je ya tambayi wannan ai kun san ba da niyyar banza ya fito ba.

Abin da ke hana ni barci shi ne bidiyo kol ɗin da muka yi da mai sayar da injin. Da kaina na ce sai na ga kaya da idona, bai yi musu ba ko kaɗan, ya kira ni bayan isha'i. Ga bokiti cike da yashi, ya ciro zobe daga yatsansa ya tura ciki har wuyan hannu, ya ɗauko injin ya wuce da shi ta sama, ya yi ƙara, lamba ta fito a fuskar injin. Ya sake, ya sake. Ya ce "Alhaji ni ma fa ɗan Kano ne, nema ne ya kawo ni Legas, in na cuce ka ina zan kai haƙƙinka?" Hausarsa tsaf irin tamu ta cikin gari. Ina cikin tambayarsa batir sai ya ce in yi haƙuri bai yi shafa'i da wutiri ba, zai yi ya kira ni, kuma ya kira ɗin. To a nan ne zuciyata ta kwanta. Na juya wannan minti goman a kaina ya fi sau ɗari, ina neman inda ya kamata in gane, har yanzu ban ga wurin ba. Injin da ya nuna min na gaske ne, wannan ko kaffara ba zan yi ba. Kawai dai ba wannan injin ya aiko min ba.

Kuma ni ba yaro ba ne a harkar ciniki. Shekarata goma sha uku a Kantin Kwari, in ka miƙo min shadda ido rufe zan faɗa maka gangariya ce ko 'yar kwaikwayo daga taɓawa. Na yi bincike na kafin in tura ko sisi. Na san ba kowane inji ke aiki a jiƙaƙƙen yashin teku ba, gishirin ruwan yana rikita ƙananan injina masu aiki da zangon sigina ɗaya (frequency) su yi ta ihu babu komai a ƙasa, shi ya sa masu abin ke neman mai aiki da zangon sigina da yawa lokaci guda. Shi ya sa ma na nace a kan Minelab Equinox 600, na kamfanin Ostareliya, wanda ake iya tsoma shi cikin ruwa har zurfin mita 3. Shi kuwa ya ce yana da na hannu, wani Bature ne da ya gama aiki zai koma gida ya sayar masa, zai bar min a 250,000. Na san sabo ya ninka haka nesa ba kusa ba, amma kayan hannu ai kullum muna saye a garin nan, waya, mota, janareta, wa ya taɓa cewa laifi ne?

Na fara tura 150,000 kafin alƙalami. A'a, kafin wannan ma ya turo min hoton katin shaida da hoton shago, wanda daga baya na gane hoton shagon wasu ne ya ɗauko a intanet. Bayan kwana biyu na cika 100,000. Sai ga waya wai an riƙe kayan a hanya ana neman takardar kwastam, sai an ba da 75,000, in ba haka ba za a kwashe. Na ce kayan da ke cikin ƙasa me ya haɗa shi da kwastam, ya ce Alhaji ka san hanyar nan, kuma na san hanyar, mu ma dilolinmu ana tare su. Na tura. Sai 20,000 kuɗin webil. Duk a akawun ɗaya ban da na 75,000 ɗin, shi wani suna daban ya ba ni ya ce na direba ne. Alat ɗin duk suna nan, sikirinshot ɗin hirarmu ma yana nan tun daga sallamar farko, zan sa su gaba ɗaya in na rufe sunayen mutanen da ba ruwansu.

Ranar da na karɓo kwalin a tasha ko shago ban koma ba. Kwali mai kyau, an naɗe da salatif ta ko'ina. Na buɗe a tsakar gida yara sun zagaye ni. Tun daga roba na ji wani iri, sitikar sunan ma ta ɗan karkace, kuma maimakon caji sai na ga gurbin batir irin na rediyo. Na kira shi, ya ce tsohon samfuri ne. Na ɗauko kwabo mai huji na kakanmu, na zamanin kafin a canja kuɗi zuwa naira a 1973, na tona rami kamar taƙi ɗaya gefen rariya na binne. Shiru. Na rage zurfin, shiru. Sai da na ajiye shi a fili kan ƙasa na kusa goga masa injin sannan ya yi ɗan ƙara. Uwargida tana tsaye bakin kicin ba ta ce komai ba, ƙaramin yarona ne ya ce Baba ko bai ci batir ba ne.

Duk da haka na kare shi fa. Na ce ƙila ƙasar gidanmu ce, tunda shi ma haka ya ce, wai an saita shi ne don yashin teku. Na ɗauke shi na hau motar dare har Legas. Ni da yayana muka shiga jirgin ruwa zuwa bakin tekun Tarkwa Bay da safe, ina taka jiƙaƙƙen yashi injin ya fara ihu, ko'ina na kai shi ihu, na ɗaga shi sama ma ihu. Na haƙa rami ya kai ashirin babu ko ƙusa. Mutane suna kallo, yara suna bin mu a baya. Yaya ya ce "kai wannan abin naka anya kuwa?" Na ce Yaya bari in kira mai shi, ai a garin nan yake.

Ga wurin da ya fi ƙona min rai. Na kira shi na ce ga ni a Legas ina shagon, ya ce ya tafi Kwatano ɗauko kaya, amma matsalar ƙarama ce, faifan da ke ƙasan injin ne ba na ruwan gishiri ba, in tura 65,000 yaronsa zai kawo min na teku har Agege kafin magariba. Kuma na tura. Eh na tura, a tsaye a bakin ruwan. Wanda bai taɓa zuba 345,000 a abu ba ba zai gane ba, a lokacin ba ka tunanin an cuce ka, tunaninka yadda za ka ceto abin da ka riga ka zuba. Ban faɗa wa Yaya ba sai da dare. Magariba ta yi, isha'i ta yi, na kira waya a kashe, na duba WhatsApp hotonsa ya ɓace, shafinsa na Facebook ma babu shi. Ya yi bulok ɗina ko'ina. 65,000 a kan 345,000, shi ne 410,000 ɗin.

Washegari wani mai gyaran rediyo a unguwar su Yaya ya kwance min shi. Ɗan allo ne ciki bai kai tafin hannu ba, wayoyi biyu sirara, sai guntun rodi da aka manne da gam a cikin sandar don ya yi nauyi a hannu. Guntun rodi jama'a, a cikin injin da aikinsa gano ƙarfe. Babu lambar kamfani a jikinsa ko ɗaya. Mai gyaran ya ce ko na masu gadin ƙofar masallacin Juma'a ya fi wannan ji. Na ɗauki hoton cikin, shi ma zan sa.

Na manta ban faɗa ba, tun kafin in tafi Legas wani maƙocin shagona ya ce in nemi lambar jikin injin in tambayi kamfanin, don su kansu sun sha yin gargaɗi a kan jabun injinansu da ake kawowa Afirka, musamman na neman zinare. Na nema, mutumin ya ce sitikar ta goge saboda ruwa. Wannan ma na karɓa, saboda mutumin da ya katse waya don ya yi sallah. Kullum nan nake dawowa.

Na je banki na cike takarda, na kai ƙara wurin hukuma da duk shaidun, an ce in jira. Ina jira.

Kada ku tura wa kowa kuɗin injin nan sai yana hannunku kun binne kwabo kun gwada, bidiyo kol ba shaida ba ce. Ba lamba a jiki, ku bar shi. An ce ƙara kuɗin kwastam, ku tsaya nan.

Ni ban yafe ba, kuma ba zan yafe ba, shi da wanda ya ba shi aron akawun. Ya kira sunan Allah ya ci guminmu ni da iyalina. Na ji an ce ya buɗe sabon shafi da wani suna da bidiyon bokitin nan dai, duk wanda ya ga mutum yana tura zobe cikin bokitin yashi mai ruwan bula, hannunsa da agogo baƙi, don Allah ya sanar da ni. Har yau uwargida 345,000 ta sani, ban iya faɗa mata na 65,000 ɗin ba. Hotunan suna zuwa da daddare in na rufe shago.