Kafin ku sayi littafin koyon karatu na 'yan firamare

Mai neman abin koya wa ɗan aji ɗaya zuwa uku karatu zai tarar da kaya iri huɗu a shago: katunan haruffa da fosta, manhajar waya, manyan littattafan Turanci masu sheƙi, da ƙananan littattafan labarai na Hausa da aka jera mataki-mataki. In kuɗin bai kai a haɗa duka ba, a fara da na ƙarshen.

Rubutun boko na Hausa kusan yadda ake faɗa haka ake rubutawa. Yaron da ya san wasula 5, ya iya ba, be, bi, bo, bu, ba zai daɗe ba zai haɗa gaɓa biyu ya fitar da "gida" ko "tuwo", kuma ya san abin da ya karanta, domin da harshen yake kwana yake tashi. Littafi mai kyau yakan bi wannan hanyar. Matakin farko jimla ɗaya ce a shafi, da manyan haruffa, kalmomin duk masu gaɓa biyu. Su sh, ts, ky, gw da ƙw sai daga baya, ɗaya bayan ɗaya. Ku duba hoton ma: in ya tona duk abin da jimlar ta ƙunsa, yaro zai riƙa karanta hoto ne, ku kuwa kuna murna. A ƙarshen labari a sami tambayoyi, kuma kada su tsaya kan "wa" da "ina". Tambayar "me ya sa" ita ke nuna an fahimta ko hadda aka yi.

Ku je shagon da yaron. Ya karanta shafi guda a fili, kuna lanƙwasa yatsa duk inda ya cije. In yatsu 5 suka ƙare kafin shafin, littafin ya fi ƙarfinsa, a sauko mataki ɗaya. A gida, minti 15 zuwa 20 kullum ya fi awa biyu ranar Asabar.

Katunan haruffa na da amfani a makonnin farko, amma kwalin taliya da alƙalamin maka sun wadatar ku yi naku. Manhajar waya kuwa, yaro ya fi koyon latsawa. Littafin Turanci mai tsada ya jira sai karatun Hausa ya zauna.

Babbar matsalar ita ce bugun jabu, kuma ya cika kasuwa. Abin da za ku fara dubawa shi ne haruffa masu lanƙwasa: ɓ, ɗ, ƙ. Masu satar bugu sukan sake buga rubutun da kwamfutar da ba ta san su ba, sai ƙ ta koma k, ko wani ɗan akwati ya fito a gurbinta. Yaro ya ga hoton ƙafa, a ƙasa an rubuta "kafa", ya haddace kuskuren tun ranar farko, malami ya yi ta fama. Ku ɗaga shafi sama: in rubutun baya yana leƙowa, takardar ba ta da kauri, ba za ta yi zango ɗaya a jakar yaro ba. Ku buɗe tsakiya sosai, wanda aka liƙa da gam kawai nan take zai fara ɓallewa, ɗinkakke ko mai ƙusa biyu shi ke jure hannun yara. Ku ƙirga lambobin shafi, don sukan tsallake ko su maimaita. A nemi sunan kamfanin ɗab'i da adireshinsa da lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi, ko da yake ɓarayin ma suna kwafe su, saboda haka ba hujja ba ce ita kaɗai.

Akwai kuma littattafan da aka tanada don rabawa kyauta a makarantun gwamnati, irin na shirin Mu Karanta da aka yi a Bauchi da Sakkwato. In kun ga an goge ko an liƙe wani wuri a bangon littafi, ku tambayi mai shago me aka ɓoye, kada a sayar muku da na kyauta. Wanda ya hana ku buɗe littafi, wai leda za ta yage, ku ce ya kawo samfurin da aka riga aka buɗe, in babu ku wuce shago na gaba.